Zan haɗa babbar kwamfutar gem, ku duba mini kayan nan kafin in yi ɓarna

Kyaftin_Bala

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙe a zauren nan ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai larura ta fito da ni.

Kwamfutar da nake buga gem da ita tun 2017 na haɗa ta da hannuna. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-7700K ce a ciki, da katin hoto GTX 1080 Ti, da RAM (ma'ajiyar aiki ta ɗan lokaci) gigabait 16. Ba zan yi mata butulci ba, ta yi mini bauta, a duk shekarun nan fanka ɗaya kawai na taɓa canzawa. Amma tsufa ya zo mata. Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025, furosesar tawa kuma ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne Microsoft Flight Simulator 2024, wasan tuƙin jirgin sama, don shi ne wasana, sunan da na sa wa kaina ma ya nuna. Sai in yi tafiyar awa biyu a sama lafiya lau, ina kallon gajimare, ina zuwa sauka a babban filin jirgi, titin ya bayyana, jirage jere a gefe, sai hoton ya fara tsalle-tsalle. Daidai lokacin da taya za ta taɓa ƙasa sai ya daskare kamar rabin daƙiƙa, kafin ya dawo na riga na buga jirgin da ƙasa. In na leƙa ma'aunin aiki sai in ga ƙwayoyin furosesar (sassanta masu yin lissafi) guda huɗu duk sun cika maƙil. Ban da shi ina ɗan taɓa Cyberpunk 2077, wanda har yau ban taɓa ganinsa da hasken nan na bin diddigin haske da ake ta yabo ba.

Na yi shekara uku ina tari, kuma na yi niyyar wannan karon ba zan yi ƙwauro ba. Ga abin da na rubuta a takarda: furosesa Ryzen 9 9950X3D mai ƙwaya 16, kati RTX 5090, madabod (babban allon da ake jona duk kayan a kai) na X870E mafi girma da na gani, RAM gigabait 128 sanda huɗu, da faifan ajiya SSD na PCIe 5.0 mai terabait 4. Fawa suflai (na'urar da ke raba wa kayan wuta) ina da shi, wat 750 ne mai shaidar 80 Plus Gold, bai taɓa ba ni matsala ba, don haka zan ci gaba da shi. Akwatin ma tsohon zan yi amfani da shi, har yanzu ko ƙwarzane babu. Monita kuma sai daga baya in hali ya yi, yanzu zan lallaɓa da wadda nake da ita.

Tambayata: akwai abin da bai dace da ɗan'uwansa ba a cikin kayan nan? Kuma sanyaya na ruwa zan saya ko na iska ya isa? Ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, ban biya ko ɗaya ba tukuna.

Baba_Injiniya

Wa alaikumus salam Malam Bala. Kafin in ce komai, wace irin monita ce wannan da za ka lallaɓa da ita? Girman hotonta nawa, kuma sau nawa take sabunta hoto a daƙiƙa?

Kyaftin_Bala

Baba, inci 24 ce, 1080p, 60Hz. Tare da kwamfutar na saye ta.

Baba_Injiniya

To ai nan gizo ke saƙar. Ka fara ginin daga rufi.

Bari mu yi lissafi. Monitarka ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Ta 1440p miliyan 3.7 ce. Ta 4K, wato 3840 sau 2160, miliyan 8.3, ninki huɗu na taka ke nan cif. RTX 5090 an yi shi ne don ya cika waɗannan miliyan 8 ɗin sau ɗari da wani abu a kowace daƙiƙa. Kai kuma za ka ba shi miliyan 2, monitar kuma ba za ta nuna maka fiye da hoto 60 a daƙiƙa ba ko da katin ya zana 300. Ka sayi ingarman doki ka ɗaure shi a turke kana ba shi dawa. Idonka ba zai ga bambanci tsakaninsa da katin da bai kai rabinsa ba. Monita ita ce abin da za ka zuba wa ido duk tsawon wasan, ita ake fara zaɓa, sannan a nemi katin da zai iya ciyar da ita, sannan furosesar da ba za ta riƙe wa katin ƙafa ba. Sauran kaya su biyo baya.

Zancen furosesa kuma. Ka yi daidai da ka nufi masu X3D, domin ciwon da ka kwatanta, tsalle-tsallen nan a manyan filayen jirgi, ciwon furosesa ne ba na kati ba. Wasan yana lissafin jirage, motocin filin, gine-gine da na'urorin cikin jirginka duk a lokaci ɗaya. Abin da ya sa X3D ke haskawa a irin wannan shi ne ɗan rumbun ajiya da ke jikin furosesar kanta, wanda ake kira kash. Duk abin da ta samu a nan ba sai ta aika RAM neman sa ba, tafiyar kuwa da nisa a lissafin furosesa. AMD, masu ƙera ta, sun liƙa ƙarin megabait 64 a kan na asali, shi ya sa Ryzen 7 9800X3D, wadda ta fito a Nuwamban 2024, take da megabait 96.

Amma ga inda ka zarce. Ita 9950X3D gida biyu ce a ciki, kowane gida ƙwaya 8, kuma gida ɗaya ne kawai ke da wannan ƙarin rumbun. In ka buɗe gem, direba (manhajar da ke sarrafa kayan) da Windows ne za su tura shi gidan mai rumbu su kwantar da ɗayan. Ma'ana a lokacin wasa kusan 9800X3D ce kake amfani da ita, sauran ƙwayoyi 8 ɗin suna barci. In kana haɗa bidiyo, ko zanen 3D, ko wani aiki mai cin ƙwayoyi, ta cancanci kuɗinta. In tuƙin jirgi ne kawai, ɗauki 9800X3D. Wutarta ma wat 120 aka rubuta, waccan 170.

Sanyaya kuwa, furosesar ba ta zuwa da nata a kwali, sai ka saya. Na iska mai hasumiya biyu ya ishe ta sarai. Na ruwa yana da kyan gani kuma yana buɗe fili a tsakiyar akwati, amma yana da famfo, famfo kuma yana mutuwa wata rana. Na iska in ya lalace fanka ce, ka cire ka sa wata. Ni dai tsoho ne, na fi son abin da zan iya gyarawa da sukudireba.

Madabod ma ka sauko. X870E ba zai ƙara maka firam (hoton da ake zanawa a daƙiƙa) ko ɗaya ba. Abin da kake saya a cikinsa yawan ramuka ne da USB4. In ba ka da abin da za ka soka a ramukan, B850 mai kyau ya wadatar. Duk soket ɗinsu na furosesa ɗaya ne, AM5, wanda AMD suka ce za su ci gaba da shi har 2027 ko fiye.

Ra'ayina a taƙaice, RTX 5080 da monita 4K mai kyau sun fi RTX 5090 da wannan tsohuwar taka nesa ba kusa ba. Fawa suflai ɗin kuma na bar wa masu ƙarfin faɗa, na san akwai wanda zai zo.

Sani_Wuta

Ga ni na zo Baba.

Malam Bala, don girman Allah kada ka haɗa kati irin wannan da fawa suflai na 2017. Ka duba lissafi kawai: RTX 5090 shi kaɗai wat 575 yake ci. Ka ɗora 170 na furosesar da ka rubuta, ka kai 745, saura wat 5 ke nan za ka raba wa madabod da RAM da SSD da fankoki. Ko ka sauko zuwa 9800X3D, 695 ne kafin a ƙirga komai. Nvidia, masu ƙera katin, da kansu wat 1000 suka ce a nema wa wannan katin, 5080 kuma mai cin 360 suka ce 850.

Kuma ba yawan wat ne kaɗai ba. Manyan katunan yanzu sukan yi wata irin fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido, ta wuce abin da aka rubuta musu sosai. Tsohon fawa suflai in ya ji wannan fizgar sai ya ɗauka matsalar wuta ce ya kashe kansa, kana tsakiyar wasa allo ya yi baƙi ɗif kamar an zare filogi. Don haka aka fito da ƙa'idar ATX 3.0 sannan 3.1, wadda ta wajabta wa fawa suflai ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na ɗan wannan lokacin. Ka nemi wanda aka rubuta ATX 3.1 a kwalinsa. Shi kuma Gold ɗin nan da kake alfahari da shi, ba shaidar inganci ba ce. Yana nufin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja daga bango tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi. Bai ce komai ba game da ƙarkon abin da ke ciki, balle bayan shekara takwas yana shan zafi.

Sai maganar waya. Katin yana shan wuta ne ta wani ɗan soket mai fil 16, sabon samfurinsa ana ce masa 12V-2x6, an yi shi ya ɗauki wat 600. Ka ga 575 da 600 tazararsu ba yawa. Naka fawa suflai ɗin ba shi da wannan wayar, sai dai ka yi amfani da mahaɗin da ke zuwa a kwalin katin, mai cin wayoyi huɗu masu fil 8. Ina shakkar ma kana da huɗun. Tun zamanin RTX 4090 a 2022 aka yi ta ganin hotunan soket ɗin nan ya narke, kuma babban abin da aka gano a lokacin shi ne rashin tura shi ya shige har ƙarshe. Saboda haka in ka zo sakawa, ka danna har ka ji ƙas, ka haska tocila ka duba ko akwai 'yar tazara ko ta kaurin farce, sannan kada ka lanƙwasa wayar sai ta yi nisan kamar milimita 35 daga soket ɗin.

Bari in ba ka labarin wautata don kada ka maimaita. Shekarun baya na canza fawa suflai, tsohon da sabon duk irin waɗanda ake cire musu waya ne. Na riga na ɗaure wayoyin tsohon a bayan akwati tsaf-tsaf, sai ƙyuya ta kama ni, na ce ai bakinsu iri ɗaya ne, na zare tsohon na soka wayoyinsa a sabon. Sun shiga lafiya lau. Ina danna maɓalli na ji tas, fanka ta juya rabin zagaye ta tsaya, sai wani wari kamar an ƙona roba ya taso daga ƙasan akwatin. Faifan ajiyata guda biyu suka tafi a daƙiƙa ɗaya, ɗaya cike da hotunan shekara shida. Ashe ɓangaren da ke shiga kaya ne kawai yake da tsari ɗaya a ko'ina, ɓangaren da ke shiga fawa suflai kowane kamfani da yadda yake jera fil ɗinsa, wani lokacin ma kamfani ɗaya samfuri biyu sun bambanta. Volt 12 na tura inda ake jiran 5. Laifina ne ni kaɗai. Wayar da ta zo a kwali ita kaɗai za ka yi amfani da ita, tsofaffin ka haɗa su da tsohon su tafi tare.

In 5090 ne, ni 1200 zan saya in huta. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Zainab_3D

Yaya Bala, sannu da ƙoƙari. Ni aikin zanen gine-gine nake yi da tawa, gem sai dare, amma na haɗa uku a kan AM5, don haka bari in taɓa RAM da akwati tunda ba a yi maganarsu ba.

Sanda huɗu ɗin nan ka janye. Na san ramuka huɗu ne a madabod kuma ido yana son ya ga an cike su, amma DDR5 ba ta son haka. Ka duba shafin furosesar a wurin AMD: sanda biyu sun lamunce maka gudun 5600, sanda huɗu kuwa 3600 kacal. Ana iya matsa wa huɗun su wuce haka, amma sai an yi ta gwaji ana kashewa ana kunnawa, wani lokacin kuma sai bayan sati ta fara faɗuwa ba dalili. Abin da aka fi samun kwanciyar hankali da shi a Ryzen shi ne sanda biyu, DDR5-6000 mai CL30 (ma'aunin jinkirinsa), a sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa. Yawancin gem gigabait 32 ya ishe su har da ragi. Kai naka daban ne, don Microsoft da kansu 64 suka rubuta a matakin ƙoli na Flight Simulator 2024. To ka sayi 32 biyu a kwali ɗaya, shi ke nan. 128 ba abin da za ka yi da shi. Ka kuma tuna ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna EXPO mai ba RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a ƙaramin gudunsa na asali, kai kana can kana zaton 6000 yake yi. Mutane da yawa sun shekara a haka.

SSD na PCIe 5.0 yana kai wa megabait 14,000 a daƙiƙa, na 4.0 kusan 7,000. A takarda ninki biyu ne. A buɗe gem kuwa da wuya ka lura, sai dai in da agogo a hannunka, ga shi kuma ya fi zafi har wasu sai da ƙaramar fanka. Na 4.0 mai terabait 2 ko 4 ya fi maka. Ka kuma karanta littafin madabod ɗin kafin ka zaɓi ramin da za ka sa shi. A wasu allunan, musamman manyan nan masu ramukan SSD na M.2 da yawa, akwai ramin da in ka cike shi sai ya ɗebe rabin layukan katin hoto, ya koma 8 maimakon 16. Asarar ba ta da yawa a PCIe 5.0, amma haushi ne a ce ka yi ta ba da saninka ba.

Akwati kuma ka ɗauko tef ka auna yau ɗin nan. Akwatunan 2017 galibi suna da kejin faifai a gaba da ke cin fili, gabansu kuma a toshe yake, iska ta ɗan siririn gefe take shiga. Katin Nvidia kansu, wato Founders Edition, tsawonsa milimita 304 ne kuma rami biyu yake ci, amma na sauran kamfanoni da yawa sun haura 340, kaurinsu ya wuce rami uku. Ka auna tsawo daga bayan akwati zuwa kejin, ka auna faɗi daga madabod zuwa murfin gefe, ka tuna da milimita 35 ɗin Malam Sani dole su samu wuri kafin murfin ya rufe. Na iskan da Baba ya ce ma tsayinsa yakan kai santimita 16. Ka nemi akwati mai raga a gaba. Duk wat ɗin da kayan suka ci zafi yake komawa, wat 700 kuwa ƙaramar hita ce a ƙarƙashin teburinka, ƙafarka za ta ba ka labari.

Dan_Auta99

Ni fa ban yarda da Baba a kan 5080 ba, Allah ya huci zuciyarsa. Ma'ajiyar gigabait 16 ce a kansa. 5090 yana da 32. Mai tuƙin jirgi ba ya tsayawa a wasan yadda ya zo, sai ya ƙara filayen jirgi, ya ƙara jirage masu nauyi, gobe ya ce gilashin VR yake so, wanda ake sawa a ido a ji kamar ana cikin wasan. Ni a 4K da kati mai 16 na sha ganin ma'aunin ya kusa cika a manyan filaye. Mutumin da ya riƙe 1080 Ti shekara takwas, me ya riƙe shi in ba gigabait 11 ɗin nan ba, lokacin da 1080 ke da 8? In zai sake yin wasu takwas ɗin, ya sayi mai 32.

In kuma 16 ɗin za a tsaya, to a sa RX 9070 XT a lissafi, shi ma 16 ne, wat 304, sai dai bai kai 5080 ƙarfi ba. Ba wanda ya ambaci Intel ma a nan, ko da yake a gem ni ma X3D zan ɗauka.

Baba_Injiniya

Auta, ba ka yi ƙarya ba a kan 1080 Ti. Amma a 4K yanzu wa ke zana ɗigo miliyan 8 ɗin duka? DLSS ake kunnawa, katin ya zana ƙarami ya faɗaɗa, ido kuma da ƙyar yake ganewa. Sannan ni ban yarda da sayen kaya don shekara takwas ba. Ka sayi na bukatar yau, bayan shekara huɗu ka sayar ka ɗauki na lokacin. Amma aljihun Malam Bala ne, shi ya san nauyinsa.

Kyaftin_Bala

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta sau uku, na ji kunya sau uku.

Malama Zainab, na auna. Daga baya zuwa kejin faifai santimita 29 ne. Ko ƙaramin ma ba zai shiga ba sai na fasa kejin, kuma da ƙusoshin da ba a kwancewa aka kafe shi. Malam Sani, na buɗe na ƙirga, wayoyi masu fil 8 guda biyu ne kawai ke fitowa daga fawa suflai ɗin. Da na yi odar katin da ya zo ya zauna a kan tebur muna kallon juna.

Ga yadda takardar ta koma. Furosesa 9800X3D, don ba na haɗa bidiyo, ƙwaya 16 ɗin son girma ne kawai. Madabod B850. RAM sanda biyu, gigabait 64, 6000 CL30. SSD na PCIe 4.0 terabait 4, don filayen jirgin da nake saukewa suna da cin wuri. Fawa suflai wat 1200 ATX 3.1 mai tasa wayar 12V-2x6. Sabon akwati mai raga. Sanyaya na iska mai hasumiya biyu. Abin da na rage daga furosesa da madabod da RAM ya tafi kan monita inci 32, 4K, 144Hz. Na so mai allon OLED, na ga baƙinta a shagon wani aboki har na kasa ɗauke ido, amma na tuna ni awa uku zan yi da agogunan jirgi a wuri ɗaya ba motsi, ina tsoron su bar tabo a allon. Na ɗauki mai allon IPS.

Kati kuwa, Baba ka yi haƙuri, na bi Auta. Na kwana ina juya maganar. Na san kaina, ni ba mai sayarwa in sake saye ba ne, abin da na saya da shi zan zauna har ya gaji. Kuma gilashin VR ɗin da ya ambata, kamar ya leƙa zuciyata.

Baba_Injiniya

Ba komai, tunda monitar ta shigo lissafi na samu abin da nake so. Abu ɗaya: fil ɗin AM5 a cikin soket ɗin madabod suke, ba a jikin furosesa ba, guda 1718, sirara kamar gashi. Kada ka cire murfin robar sai za ka sa furosesar, kuma ka ajiye ta a hankali, kada ka sake ta daga sama. Ka duba ƙasan abin sanyayan ma, akwai 'yar leda da ake ɓarewa.

Kyaftin_Bala

'Yan'uwa na dawo da rahoto, an haɗa.

Awa biyar na yi, rabinsu a kan ɗaure wayoyi. Katin da na ɗauko shi daga kwali sai da na sa hannu biyu, na kuma kafa masa 'yar sandar tallafi a ƙasa don kada ya rinjayi ramin. Wayar wutar na danna har ta ce ƙas, na haska tocila ta kowane gefe kamar yadda Malam Sani ya ce, na rufe murfi na sake buɗewa na sake dubawa. Ledar Baba ma na ɓare.

Sai na danna maɓalli. Fankoki suka tashi, allo baƙi. Wata 'yar fitila ja a gefen madabod ta kama, a ƙarƙashinta an rubuta DRAM. Minti ɗaya, ba komai. Na ji gumi yana bin bayana, na fara lissafin shekara ukun da na yi ina tari. Na kai hannu zan kashe ke nan sai na ce bari in duba littafin tukuna, ina cikin buɗe shafuka fitilar ta mutu, tambarin madabod ya fito. Ashe a kunnawar farko madabod ɗin yana gwada RAM ne yana daidaita lokutansa, yakan ɗauki 'yan mintuna, balle mai gigabait 64. Da na kunna EXPO ma sai da ya sake yi, wannan karon na naɗe hannu na jira.

Na sauka a filin da ya saba kayar da ni, da daddare, ana ruwan sama, fitilun titi suna sheƙi a kan kwalta. Taya ta taɓa ƙasa sumul, ba tsalle ba daskarewa. Furosesar tana wajen digiri 60 da wani abu a cikin wasa, katin yana ɗan haura 70. Ɗakin kam ya yi ɗumi, Malama Zainab ba ta yi ƙarya ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai kwana biyu. Ma'aunin wasa yana nuna firam sama da 100, amma idona yana ce mini kamar da. Jiya na shiga saitin allo na Windows, sai na tarar monitar tana kan 60Hz tun ranar da na jona ta. Na mayar 144, na ja linzami a kan allo kawai na ga bambanci.

Yanzu saura tambaya ɗaya. In katin yana aiki sosai, musamman a shafin farko na wasa inda firam ke haurawa ɗaruruwa, ina jin wani siririn sauti kamar kukan gyare daga cikin akwatin. Ba fanka ba ce, na tsayar da su ɗaya bayan ɗaya na saurara. Wannan na damuwa ne?

Sani_Wuta

Ba na damuwa ba ne Kyaftin. 'Yan naɗin wayar da ke tace wuta a kan katin ne ke rawa in wuta mai yawa na ratsa su da sauri, manyan katuna da yawa suna yi. Ka shiga saitin direba ka ƙayyade firam a 141, ɗan ƙasa da 144 ɗin monitarka, ka kunna G-Sync mai daidaita monita da katin. A shafin farkon zai yi shiru, katin ma zai rage shan wuta. In bayan haka har yanzu kana jin sa daga inda kake zaune, ka kara kunne ka gane ko daga katin ne ko daga fawa suflai, sai ka dawo mu ji.